Yadda Ake Tantance Labarin Shari'ar Kamfanonin Fasaha Kafin a Tura Shi Gaba

A tsakiyar watan Janairun 2025 wani saƙon murya ya zagaya wayoyin jama'a a Garwa ta ƙasar Kamaru, mai maganar yana rantsuwa cewa ranar Lahadi za a rufe TikTok a duniya baki ɗaya, don haka kowa ya kwashe abin da ya ajiye a ciki. Wata ƙanwata mai sayar da turaren wuta, wadda yawancin masu cinikinta ta can suka san ta, ta kwana biyu tana sauke bidiyoyinta ɗaya bayan ɗaya har data ta ƙare mata. Labarin yana da tushe, sai dai an yanke masa kai da ƙafa. Dokar da ake magana a kanta ta Amurka ce, Shugaba Joe Biden ya sa mata hannu a watan Afrilun 2024, kuma ta ba kamfanin ByteDance na ƙasar Sin zaɓi biyu, ko ya sayar da reshen TikTok na Amurka ko a hana manhajar aiki a ƙasar. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da dokar ranar 17 ga Janairu, manhajar ta ɗauke na 'yan sa'o'i a Amurka kaɗai sannan ta dawo, Donald Trump kuma ya jinkirta aiwatar da dokar ranar da ya hau mulki. A Garwa da Marwa da Njamena babu abin da ya motsa.

Labarai irin wannan ba su ƙarewa, kuma yawancinsu suna iso mana ne bayan sun bi ta Turanci ko Faransanci, sun shiga Hausa, sun kuma wuce ta bakin mutum uku ko huɗu. Akwai 'yan tambayoyi da mai karatu zai yi wa kowane ɗayansu kafin ya tayar da hankalinsa ko na wasu, kuma ba sai ya yi karatun lauya ba.

Ka fara da neman sunan ƙasar da abin ya faru, domin kowace kotu da kowace hukuma tana da iyakar huruminta, kamar yadda alƙalin Marwa ba ya raba gonar da ke Kano. A watan Mayun 2023 hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar Ayalan ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, tarar yuro biliyan 1.2 saboda kai bayanan mutanen Turai zuwa Amurka. Tara ce babba, amma dokar da aka yi amfani da ita an yi ta ne domin mazauna Tarayyar Turai, ba ta ƙara wa mai shago a Kusiri wani haƙƙi ba, ba ta kuma rage masa komai ba.

Labaran Najeriya su suka fi ruɗa mu, saboda harshenmu ɗaya, danginmu suna can, kuma kafofin Hausa da muke saurara sun fi ba da labarin can. A watan Yulin 2024 hukumar kare masu saye da kula da gasar kasuwanci ta Najeriya ta ci Meta tarar dalar Amurka miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar, kotun da ke duba hukuncin hukumar ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025, sai kamfanin ya nuna a takardun shari'a cewa tarar da aka ɗora masa a ƙasar za ta iya sa shi dakatar da Facebook da Instagram a Najeriya. Kanun labarai suka cika da "za a rufe Facebook". Ko da an rufe ɗin, a kan iyaka rufewar za ta tsaya, kamar yadda dakatar da Twitter da gwamnatin Najeriya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bai taɓa layukan Kamaru da Chadi ba. Sai dai a nan kada ka yi saurin cewa ba ruwanka. Idan masu sayen kayanka suna Mubi ko Yola ko Maiduguri, kuma ta Facebook suke ganin hajarka, to rufewar da ba ta taɓa wayarka ba za ta taɓa aljihunka.

Akwai kuma hukuncin da ake yankewa can nesa amma ya biyo kaya har kasuwarmu. A watan Mayun 2019 Amurka ta sa kamfanin Huawei cikin jerin waɗanda aka hana kamfanoninta hulɗa da su, daga nan sababbin wayoyin Huawei suka riƙa fitowa babu Play Store da sauran manhajojin Google, kuma masu sayar da waya a Garwa sun ga haka da idonsu. Haka ma dokar Tarayyar Turai da ta wajabta ramin caja iri ɗaya na USB-C, wadda a bayanta Apple ya sauya ramin cajar iPhone 15 a 2023 ga duniya duka, ba ga Turai kaɗai ba. Saboda haka bayan ka san ƙasar, ka tambayi kanka ko hukuncin ya shafi yadda kamfani ke mu'amala da mutanen waccan ƙasa ne kawai, ko kuwa ya shafi ainihin kayan da ake ƙerawa a aika wa kowa. Na biyun shi ne wanda ɗan kasuwar waya zai sa wa ido.

Daga nan sai ka duba wane ne ya yi maganar, kuma a wane mataki shari'ar take. A ganina nan ne aka fi yin ɓarna, domin a bakin mai ba da labari "an kai ƙara" da "an kama shi da laifi" sukan zama abu ɗaya, alhali tsakaninsu akan yi shekaru. Mu da muke karanta jaridun Faransanci muna da sauƙi guda, kalmomin suna nuna matakin. Idan ka ga plainte, ƙara ce aka shigar, zargi ne kawai daga bakin mai ƙara. Idan ka ga enquête, bincike ake yi. Amende ita ce tara, appel ɗaukaka ƙara, accord à l'amiable kuwa sulhu ne, kuma a yawancin sulhun da manyan kamfanoni ke yi sukan biya kuɗi ba tare da sun amsa laifi ba. Lokacin da jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft ƙara a watan Disamban 2023, tana zarginsu da amfani da rubuce-rubucenta wajen horar da ƙirƙirarriyar basira ba da izininta ba, abin da ya tabbata a ranar shi ne an shigar da ƙara, ba wai an tabbatar da sata ba.

Shari'ar Google a Amurka ta isa darasi. Ma'aikatar shari'ar Amurka ta shigar da ƙarar a watan Oktoban 2020, tana zargin kamfanin da yin babakere a harkar bincike a intanet. A zaman kotu aka gano cewa a shekarar 2021 kaɗai Google ya biya sama da dalar Amurka biliyan 26 ga masu ƙera waya da masu manhajojin shiga intanet domin su sa shi ya zama mashigar bincike da mutum zai tarar tun daga kwali. Ranar 5 ga Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya karya doka. Bayan wata uku gwamnati ta roƙi kotu ta tilasta masa sayar da manhajar Chrome, nan take labari ya bazu cewa "za a sayar da Chrome", kamar an gama. Roƙon mai ƙara ne, ba umarnin alƙali ba. A watan Satumban 2025 alƙalin ya ƙi amincewa da sayarwar, ya tsaya ga hana kamfanin ƙulla yarjejeniyar da ke toshe wa abokan gasa hanya da kuma umartarsa ya ba su wasu bayanai. Haka aka shekara kusan biyar ana cewa za a raba Meta da Instagram da WhatsApp, tun ƙarar da hukumar kasuwancin Amurka ta shigar a watan Disamban 2020, sai ga shi a watan Nuwamban 2025 alƙali James Boasberg ya ba Meta gaskiya.

A Turai kuma ka lura cewa wadda ke cin tarar galibi ba kotu ba ce, Hukumar Tarayyar Turai ce da ke Burasal, kuma kamfani yana da damar kai hukuncinta gaban kotunan Tarayyar da ke Luksambag. Tarar yuro biliyan 2.42 da aka ci Google a 2017, saboda fifita sashen tallan kayansa a sakamakon bincike, sai a watan Satumban 2024 babbar kotun Tarayyar ta tabbatar da ita, shekara bakwai ke nan. A cikin wannan watan dai wata kotun Tarayyar ta soke wata tarar ta yuro biliyan 1.49 da aka ci kamfanin a 2019. Wanda ya ji labarin tarar a 2019 bai kuma bi diddigi ba, har yau yana yawo da labarin da kotu ta riga ta rushe. Don haka duk labarin tara da ka karanta, ka gangara zuwa sakin layi na ƙarshe, a nan ne 'yan jarida sukan ɓoye jimlar da ke cewa kamfanin zai ɗaukaka ƙara.

Batun kuɗi yana buƙatar alƙalami. Sa'armu ita ce sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya hawa ba ya sauka, saboda haka duk tarar Turai za ka iya juya ta da kanka: yuro biliyan 1.2 na Meta ya kai kusan sefa biliyan 787, yuro biliyan 2.42 na Google kuma kusan sefa biliyan 1,587. Dalar Amurka ita ce ke canzawa, sai ka duba farashinta na ranar. Ka kuma yi hattara da abu biyu da na sha ganin sun rikita masu fassara. Na farko, milliard na Faransanci shi ne biliyan, wato miliyan dubu, billion na Faransanci kuwa tiriliyan ne, kuma wanda ya haɗa su ya ninka adadin sau dubu. Na biyu, a lissafin kasuwa irin na iyayenmu dala sefa biyar ce, don haka idan kana karanta wa dattijo labarin ka ce masa dalar Amurka a fili, kada ya ɗauka tarar ba ta kai kuɗin shanu ɗari ba.

Bayan ka juya kuɗin, ka auna shi da ƙarfin wanda aka ci tarar, ba da naka aljihun ba. Ribar Alphabet, uwar kamfanin Google, ta kai kimanin dalar Amurka biliyan 100 a shekarar 2024, wato wajen miliyan 270 a kowace rana. Tarar da aka shekara bakwai ana shari'a a kanta ba ta wuce ribar kwana goma ba. Wannan ne ya sa nake ganin cewa adadin tara, ko da yake shi ne ke ɗaukar ido, shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin labarin, abin dubawa shi ne ko an umarci kamfanin ya sauya wani hali. Adadin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ƙarar da WhatsApp ya kai kamfanin NSO na Isra'ila a 2019, kan kutsen da aka yi wa wayoyin mutum kusan 1,400 da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, masu taimaka wa alƙali sun yanke diyyar ladabtarwa ta dalar Amurka miliyan 167 a watan Mayun 2025, daga baya alƙaliyar ta rage ta zuwa kimanin miliyan 4, amma ta hana NSO sake kai wa WhatsApp hari. Hanin ya fi kuɗin muhimmanci ga mai amfani da waya.

Inda aka ambaci diyya, can 'yan damfara suke sauka. A watan Disamban 2022 Meta ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 725 domin rufe ƙarar da ta taso daga badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya samu bayanan miliyoyin masu amfani da Facebook ba da saninsu ba. Kuɗin na waɗanda suka yi amfani da Facebook a Amurka ne, kuma lokacin neman kaso ya rufe tun watan Agustan 2023. Duk da haka wani maƙwabcina ya taɓa nuna mini saƙo mai ɗauke da adireshin intanet, ana ce masa ya shigar da lambar wayarsa da lambar sirrin asusun kuɗinsa na waya domin a turo masa "kasonsa na shari'ar Facebook". Allah Ya sa ya tambaya kafin ya danna. Babu kotun da ke raba diyya ta WhatsApp, babu kuma wadda ke neman lambar sirri ko kuɗin rajista kafin ta biya. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba sai ka ci gaba da bincike ba.

Yanzu ga abin da ya fi cancantar lokacinka, ko da yake shi ne ba ya samun kanun labarai masu ƙara. Shawarar da ke sauya yadda wayarka ke aiki gobe da safe galibi daga Yawunde ko Njamena take fitowa. Mutanen Chadi ba su manta ba cewa daga watan Maris na 2018 har zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook da Twitter a ƙasar, wata goma sha shida, sai da marigayi Shugaba Idriss Déby ya ba da umarnin buɗewa. A Kamaru an yanke intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma daga Janairu zuwa Afrilun 2017. Harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan turawa da cire kuɗi ta waya ya shigo ne ta dokar kasafin kuɗin Kamaru ta 2022. A 2023, bayan zanga-zangar da masu amfani da waya suka yi ta hanyar sa wayoyinsu a yanayin jirgin sama domin nuna fushi kan tsada da rashin ingancin layi, hukumar ART mai kula da sadarwa a Kamaru ta ci kamfanoni huɗu, Orange da MTN da Nexttel da Camtel, tarar da jimillarta ta kai sefa biliyan 6. Idan aka juya, bai kai yuro miliyan 10 ba, ɗigo ne kusa da tarar Turai, amma ita ce ta shafi layin da ke cikin wayarka.

Starlink, mai samar da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya nuna yadda kogi ɗaya ke raba doka biyu. A watan Afrilun 2024 hukumar kwastan ta Kamaru ta ba da umarnin kama na'urorinsa a kan iyakoki saboda kamfanin ba shi da lasisin aiki a ƙasar, a ƙarshen wannan shekarar kuma Chadi ta ba shi izini. Wanda ya ji cewa "an halatta Starlink" daga bakin ɗan'uwansa na Njamena, ya sayi na'ura ya nufo gadar Ngeli zuwa Kusiri, zai iya tarar da cewa labarin gaskiya ne a wancan gefen kogin Logon kaɗai. Kafin ka zuba kuɗi a irin wannan, ka nemi matsayin da ake ciki a ranar daga sanarwar ART idan a Kamaru kake, ko takwararta ARCEP idan a Chadi, ko ma'aikatar sadarwa, ba daga mai sayarwa ba, domin mai sayarwa ba zai ce maka kayansa haramtattu ne ba.

Tabbatar da asalin labari ba ya ɗaukar lokaci. Ka duba kwanan watan da aka buga shi, domin tsofaffin labarai sukan farfaɗo, kuma saƙon da ya taso daga taƙaddamar sababbin sharuɗɗan WhatsApp ta Janairun 2021 har yanzu yakan dawo kamar jiya aka rubuta shi. Ka rubuta sunan kamfanin da sunan ƙasar a mashigar bincike da Faransanci, ka ga ko RFI ko BBC ko DW sun kawo shi. Labarin da zai rufe manhajar da biliyoyin mutane ke amfani da ita ba zai tsaya a saƙon murya ɗaya ba. Hoton allo da babu adireshi a jikinsa ba shaida ba ne, yaro ma yana iya haɗa shi.

Idan bayan duk wannan ka ga labarin ya shafe ka da gaske, abin yi kaɗan ne kuma a fili yake: ka rubuta lambobin masu cinikinka a littafi ko ka adana su a wajen manhajar, ka ajiye asalin hotuna da bidiyon hajarka a katin ajiya, ka kuma sanar da su wata hanya ta biyu da za su same ka. Wannan ya kamata mai sana'a ya yi ko babu wata shari'a, musamman a ƙasashen da suka taɓa ganin an toshe kafofin sada zumunta dare ɗaya.

Saura yadda za ka tura labarin idan ka yanke shawarar turawa. A Kamaru wannan ba batun ladabi kaɗai ba ne, domin dokar tsaron intanet ta ranar 21 ga Disamban 2010, a sashe na 78, ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya yaɗa labari ta kafar sadarwa alhali ba zai iya kawo hujjar gaskiyarsa ba, ba shi kuma da dalili mai ƙarfi na gaskata shi. Maimakon ka danna alamar turawa a kan saƙon wani, ka rubuta naka cikin jimla biyu ko uku da suka ƙunshi ƙasar, da wanda ya yanke hukuncin, da matakin da ake, da kwanan wata, sannan ka liƙa adireshin inda ka karanta. Da a ce wanda ya fara yaɗa saƙon TikTok ɗin nan ya rubuta cewa kotun Amurka ta tabbatar da dokar da za ta iya hana manhajar aiki a Amurka daga ranar 19 ga Janairu, kuma dokar ba ta shafi layukan Kamaru da Chadi ba, da ƙanwata ta kwana biyun nan tana haɗa turarenta.